Karfasar da Babu Mace a Cikinta

Shekarar da na ɗauki cikina na uku ita ce shekarar da maigidana ya shiga kiwon kifi. Ƙauyenmu yana gefen gulbi, tsakanin Gidan Runji da Cadakori, kuma yana da garka a can gangare inda yake noman tumatir da albasa da rani. Ya je ya ga wani abokinsa ya gina tafkin siminti ya zuba karfasa, shi ke nan hankalinsa bai kwanta ba sai da ya gina nasa. Mutum ne da in abu ya shiga kansa, ko za ki kwana kina magana ba ya fita sai ya gwada. Ya kafa famfo mai aiki da hasken rana, ya tsallaka iyaka ya sayo 'ya'yan kifi cikin leda, ƙanana kamar ƙwayar kabewa. Na yi masa dariya a lokacin, na ce kafin waɗannan su isa ci haƙoranmu sun zube.

Ni kuwa ina koyarwa a lakol ɗin ƙauyen, ajin ƙanana. 'Ya'yana biyu, duka mata. Ba wanda ya taɓa faɗa mini magana a fuska a kan haka, amma ranar da na haifi ta biyu, Inna, uwar mijina, ta leƙa zane ta ce Allah shi raya, ta fita ta je kwance akuyarta. Na gani, kuma ban manta ba.

Cikin nan ya zo mini da ƙin nama. Ko a maƙwabta ake soya shi sai na nemi wurin amai. Kifi kaɗai cikina ya yarda da shi, ga shi kuma karfasar maigida ta soma tasawa a daidai lokacin. Kullum da la'asar sai ya kamo kaɗan, ya farke su can a garka, ya wanke, ya kawo mini cikin bokiti. Na ci soyayye, na ci cikin miyar kuka, na ci gasasshe da yaji da lemun tsami. Har ƙaya nake tsotsa. Inna tana tsokanata, wai wannan ɗa in ya fito da wutsiya kada in kira ta.

Ciki ya fito sosai lokacin da aka yi babban kamu. Aka rage ruwan tafkin, maza suka shiga da koma, ragar kamun kifi, mata muka zauna ƙarƙashin mangwaro da wuƙaƙe da kwanoni. Inna 'yar masunta ce, a bakin gulbi ta tashi, kuma duk duniya ba abin da take so kamar ƙwan kifi. Ta zo da ɗan kwanonta na musamman ta ajiye a gefe, ta ce kowa ta farka ta ga ƙwai ta zuba mata a ciki. Muna aiki muna hira, tarin kifi yana ƙaruwa, ɗan kwanon nan yana nan wayam. Na lura Inna ta daina sa baki a hirar. Takan farke kifi ta buɗe cikinsa da babban yatsa, ta ɗaga shi wajen haske, ta ajiye, ta ɗauki wani. Can ta ƙwala wa ɗanta kira, ya fito daga ruwa wandonsa yana zuba.

"Kai, wanga kihi naka ina matanshi? Tun ɗazu nike hwarkawa, ko ƙwai guda ban gani ba."

Ya yi murmushi irin na wanda aka tambaye shi abin da ya daɗe yana jira a tambaye shi.

"Ai babu mace ciki, Inna. Duk maza na."

"Duk maza? To wa ya haihe su?"

"Can inda na sawo su, tun suna ƙanana anka ba su magani cikin abinci. Wadda za ta zama mace sai ta juye ta zama namiji. Namiji ya hi saurin girma, kuma ba su cika maka tabki da ɗiya."

Yana faɗa yana kallonmu, yana jiran a yaba masa. Inna ta ajiye wuƙarta a hankali, ta juyo ta kalli cikina. Sai na ga duk matan da ke wurin sun bi idonta.

"Kuma shi yarinyar ga taka ci tun cikin yana ƙarami?" in ji Inna.

Har yanzu ina iya jin yadda tafin hannuna ya yi sanyi, alhali rana tana dukan bayana. Akwai kifi a hannuna, na farke shi rabi. Na sake shi ya faɗa cikin yashi, ban ma san na sake ba. A daidai lokacin abin da ke cikina ya motsa, ya yi mini shuri ƙarƙashin haƙarƙari, kuma karo na farko a rayuwata motsin ɗana ya ba ni tsoro.

Dole in faɗi abin da ya faɗo mini a rai, don in ba haka ba za a ce malamar lakol ce ta firgita da zancen tsofaffi. A garinmu na haihuwa, wajen Gazawa, akwai wata yarinya da ta girme ni kaɗan, gidansu yana bayan namu. Tare muke zuwa rijiya, tare muke tallan gyaɗa. Da ta kai munzali, 'yan uwanta suna fitar da ƙirji, ita sai muryarta ta fashe, gashi ya tsiro mata a haɓa. Aka fara raɗa, aka ce mata-maza ce. Mata suka daina wanka a gabanta, maza kuma ba su yarda ta zauna cikinsu ba. Ta daina fita. Wata damina ta bi motar kudu ta tsallaka iyaka, ba a sake jin labarinta ba. Uwarta ta daina zuwa biki da suna, tana zaune a ƙofar ɗaki da tsakar rana tana kallon hanya. Fuskar uwar nan ce ta tsaya mini a ido a ƙarƙashin mangwaro, ga sanyin kifi a yatsuna.

Kafin magariba labari ya gama ƙauye, kuma ya rabu gida biyu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gida na farko. Washegari mata suka fara zuwa ƙofar gidanmu da kwano a ɓoye cikin mayafi, wai a sayar musu da kifin maza. Masu neman ɗa namiji ne. Wata maƙwabciyata ta dafa kafaɗata tana washe baki, ta ce, "Ke dai kin huta, wannan karon namiji za ki haihwa." Na ture hannunta. Da ba don girman Inna da ke tsaye ba, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba daga bakina.

Gida na biyu kuwa Inna ce ta faɗi maganarsa, ta same ni ni kaɗai a madafa. Ba ta ɗaga murya ba.

"'Yar nan, in namiji na tun asali, babu komi. In mace ta, kuma maganin ya juya ta gaba ɗaya, Allah ya so. Abin da nike tsoro shi iske ta, shi kama aiki, shi tsaya rabi."

Abin da nake ta kewayewa ke nan ban yarda na faɗa wa kaina ba, ta ɗauko shi ta ajiye a gabana.

Da maigida ya dawo na tare shi a zaure, ko ruwa ban ba shi ba. Na tambaye shi ko ya sani. Na tambaye shi ko da gangan ya riƙa ɗura mini kifin nan don 'ya'ya mata sun ishe shi. Ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Ya tsaya da bokiti a hannu, fuskarsa ta koma kamar toka.

"Wallahi ko sau guda abin bai zo mini a rai ba. Na ga shi kaɗai kike iya ci."

Na yarda da shi, don bai iya ƙarya ba, in ya gwada kunnensa ke fara tona shi. Amma yardar ba ta rage mini komai ba. Ya buga wa mai sayar da 'ya'yan kifin waya a gabana. Mutumin ya yi dariya har ina jiyowa, ya ce birane nawa ake cin kifin nan ba a taɓa jin komai ba. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mai kifi ya ce kifinsa na da illa ba.

Ranar awo na je likita, ɗan asibitinmu, na jira sai da layi ya ƙare sannan na shiga, don kada kowa ta ji. Ungozomar da ke duba mu mace ce mai kirki, ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin haka ba. Na fito ina juya maganar: ba ta taɓa ji ba daban, ba zai yiwu ba daban. Ta ba ni shawara in je Maraɗi a yi mini hoton ciki, ko hankalina zai kwanta. Muka shiga motar kasuwa ni da maigida, hanya tana jijjiga ni, ina riƙe da cikina da hannu biyu. Aka shafa mini abu mai sanyi, lokotoro ya yi ta yawo da na'urarsa a kan cibiyata. Ya nuna mini kai, ya nuna mini hannu, ya sa na ji bugun zuciya. Da na tambaye shi abin da ya kawo ni, ya juya na'urar nan, ya juya can, ya ce yaron ya haɗe ƙafafu ya ba mu baya, ba ya ganin komai. Ya faɗa cikin raha. Ni kuwa a raina na ce, me yake ɓoyewa?

Da maigida ya ga ina ramewa, sai ya je buro a Gidan Runji ya ɗauko wani ma'aikacin gwamnati mai kula da harkar ruwa da kifi, ya kawo shi har gida a bayan babur. Aka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin itacen bedi, ni da Inna muka zauna daga gefe. Mutum ne mai haƙuri, kuma da gani yana son kifi fiye da yadda ya kamata babba ya so shi. Ya ce mu 'yan Adam, da shanu da awaki, maganarmu a rufe take tun ranar da ciki ya shiga. Alamar tana zuwa daga wajen uba, tsohuwar alama ce mai ƙarfi, kuma cin kifi ba ya kankare ta. Ya ce kifi ba haka yake ba. Kowane iri da tasa hanya. Wasu daga wajen uba alamar take zuwa, wasu daga wajen uwa, har a dangi ɗaya sai ka ga wannan ya bi nan wancan ya bi can, kamar ba su gama shawara ba. Karfasa tana da alamarta, amma ba ta kafu sosai ba, shi ya sa a makonninta na farko abu kaɗan ke juya ta. Ko ruwa ya yi zafi da yawa a lokacin, sai yawancinsu su fito maza ba tare da wani magani ba. Ya ce a teku akwai kifin da zai yi shekaru yana mace yana zuba ƙwai, ranar da babban namijin garken ya mutu sai ita ta juye ta hau matsayinsa. Maganin kuma, in ji shi, na 'yan kwanakin farko ne, ya daɗe da barin jikinsu kafin su kai girman yatsa.

Na san rabin abin da ya faɗa. Na tuna allon kwaleji da haruffa biyun da malaminmu ya rubuta, na uba da na uwa, har na ci jarrabawa a kansu. Amma abin da na sani yana zaune a kaina, tsoron kuma yana ƙasa, inda yaron yake. Na tambaye shi abu ɗaya.

"Malam, ka taɓa ganin mai cikin da ta ci shi kullum tun daga hwarko, ta haihu ka ga ɗan?"

Ya ce gaskiya bai taɓa bin diddigin haka ba, amma a iliminsa babu abin tsoro. Na gode masa. Da ya yi mini ƙarya ya ce ya gani, da na fi samun barci.

Inna kuwa duk cikin dogon bayanin nan kalma biyu ta tsinta: ruwan zafi. Ga shi muna tsakiyar bazara, bango ma in ka taɓa sai ya ƙona ka. Tun daga ranar ta hana ni kunu mai zafi, ta hana ni zama kusa da murhu, ta hana a ɗuma mini ruwan wanka. In na dawo daga lakol da rana sai ta zaunar da ni a inuwa, ta jiƙa zane a randa ta shimfiɗa mini a kan ciki. Na san shirme ne. Na san ni ba tafkin siminti ba ce. Amma ban taɓa ɗage zanen ba, in ya bushe ma ni da kaina nake cewa a sake jiƙa shi.

Watannin ƙarshe sun yi mini tsawo. A aji ina koya wa yara karatu, sai in tsinci kaina ina kallon layin maza da layin mata, ina tambayar kaina ina nawa zai zauna. Wane suna za a raɗa masa? In ya girma, a wane sahu zai yi salla? In ya mutu, su wa za su wanke shi? Haka nake bin rayuwarsa tun daga zanen goyo har likkafani, alhali ko fuskarsa ban gani ba. Wata rana da azahar na tambayi maigida, in abin ya zo haka me za mu yi. Tun ranar kamun nan bai sake kai kifi bakinsa ba, ya bar tafkin ya bushe. Ya ce, "Namu na. Ko yaya ya zo, namu na." Na ji daɗin maganar, amma na san ba shi zai zauna a ƙofar ɗaki yana kallon hanya ba.

Inna ma ta yi nata shiri. A wajenmu in an haihu, tsofaffin unguwa ne ke taruwa su yi wa jariri wanka, kowa ta ɗauka ta juya ta gani, kafin la'asar duk gari ya san abin da aka samu. Ta ce wannan karon ba haka za a yi ba. "Ni kaɗai zan karɓe shi, ni kaɗai zan wanke shi. Wadda duk ta matso sai ta bi ta kaina." Ranar na fara ganin cewa ba ni kaɗai ke ɗauke da cikin ba.

Naƙuda ta kama ni da hantsi, ranar kasuwar Cadakori, gari ya watse. Aka ɗora ni a amalanke zuwa likita. Na haifi biyu kafin wannan, na san ciwon, amma wannan karon ina nishi ina ji kamar in riƙe shi kada ya fito. Muddin yana ciki ba wanda ya san komai. Ungozoma tana cewa in yi yunƙuri, ni ina kuka ina cewa ta ba ni lokaci kaɗan. Jiki dai ba ya jiran shawarar kowa. Na ji ya sulluɓo, na ji kukansa, na rufe ido na juya fuska wajen bango.

Ba na jin komai sai kukan jariri da ƙarar almakashi. Ungozoma ta fara magana, sai na ji an banko ƙofa, muryar Inna tana cewa a ba ta. Na buɗe ido kaɗan. Ta karɓi jaririn ko goge shi ba a gama ba, ta nufi taga da shi. Ta ɗaga shi wajen haske, ta sunkuyar da kai, ta duba, ta sake dubawa, daidai yadda na ga tana yi wa kifi a ƙarƙashin mangwaro.

"Mace ta," in ji Inna. "Mace sosai. Babu abin da ya rage."

Sai ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa. Tsohuwar da ta ce Allah shi raya ta tafi wajen akuyarta, ita ce ta cika likita da guɗa a kan 'ya mace ta uku, har ungozoma ta ce ta yi hankali da kunnen yarinya. Matan da ke waje da suka ji, ba su tsaya tambaya ba, suka ruga suka gaya wa maigida an samu namiji, kifi ya yi aiki. Ya zo taga da gudu. Inna ta ce masa mace ce, lafiyayya. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula. Ni ma na yi kuka, kuka mai yawa, irin wanda ke fitowa in an sauke wa mutum kaya.

Bayan na gama wankan jego na kai yarinyar garinmu wajen Gazawa, dangi su gan ta. Duk gidan da na shiga tambaya ɗaya ce ke tarbata tun daga zaure, me aka samu, in ce mace, a ce Allah ya kawo masu albarka, na gaba namiji. Ana gobe zan koma na zagaya bayan gidanmu. Tsohuwar, uwar yarinyar nan da ta bi motar kudu, tana nan a ƙofar ɗakinta, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Ina kallonta na tuna cewa ita ba ta ci kifin kowa ba, kuma ranar da ta haihu ita ma an ce mata mace ce. Na ƙara ƙanƙame goyona. Na gaishe ta, na faɗa mata 'yar wane ce ni, na kwance yarinyar na ɗora mata a cinya.

Ta daɗe ba a ba ta jariri ba, na gani a yadda ta karɓa. Ta shafa kanta, ta shafa tafin ƙafarta, ba ta ɗaga zanen ba. Na zauna ina jiran tambayar, amsa tana bakina. Ba ta yi ta ba.

"Yana shan nono sosai?" in ji ta.

Na ce yana sha.

"To ki riƙe abinki kusa. Kada ki bari shi yi nisa."